Damina Uku Kafin Gatari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Abba. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka ka sauka lafiya, Ya tsare ka a kan hanya, Ya tsare ka a inda hanyar ta kai ka. Mahaifiyarka ce za ta cusa ta a jakarka ƙarƙashin ƙullin dambun nama, don mun san nan hannunka zai fara zuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne, kuma hannun da ya saba da gizago ba ya jin maganar biro.

Ba labarin gida zan ba ka ba, gidan da ka bari da safe ba shi da wani sabon labari. Magana ce da na kasa faɗa maka baki da baki. Sunan mahaifina gare ka, in na zauna a gabanka sai bakina ya yi nauyi.

Gwamnati ta tura ka gandun dajin nan na kudu. Ka ce mini aikin farko da ke jiran ka shi ne ka zaga da jan fenti, ka shafa wa duk bishiyar da farin shekara biyun nan ya kashe, don a ba masu sara izini. Wadda ka shafa wa ta tafi, wadda ka tsallake ta tsira. To, labari ya riga ka fita gari. Shekaranjiya bayan la'asar Malam Tanko, abokin sana'ata tun muna samari, ya zo zaure da wasu masassaƙa na nan Goron Dutse da na Kabara. Wai kakarmu ta yanke saƙa, ɗanmu ne zai riƙe gwangwanin fenti. Ƙirya suke so, don turmin kirki ba ya yiwuwa sai da ita, ga rumfunanmu duk sun zama wayam, tawa ma haka. Tanko ya ce, "Malam Idi, ka gaya masa kawai ya ɗan saki hannu. Duk wadda ba ganye ai matacciya ce." Na ce zan rubuta. Ga shi ina rubutawa, amma sai ka ji abin da na aikata a dajin nan kafin ka ji abin da nake roƙo.

Mu masassaƙa muna da ƙa'idar da muka gada. Ba ma saran ɗanyar bishiya a gandu, kuma ba tsoron malamin daji kaɗai ba ne, abin kunya ne a wurinmu. Yadda muke gane matacciya kuwa shi ne, duk wadda damina ɗaya ta shiga ta fita a kanta ba ta yi ganye ba, ta zama ta gatari. Ban da gawo, shi da kowa ya san da damina yake tuɓewa. Haka kakanka ya koya mini, haka aka koya masa. A zamaninsu ƙa'idar ba ta taɓa ba su kunya ba, don farinsu na 'yan watanni ne, ruwa ya ɗan yi fushi ya dawo.

Sai babban farin nan ya zo, kana goye a bayan mahaifiyarka. Da ruwa ya dawo muka bar damina ɗaya ta wuce kamar yadda aka saba, da kaka muka shiga daji ni da Tanko. A wani kwari bayan duwatsu muka tarar da ƙirya tsaye tsirara, manya-manya, sun kai talatin. Maimakon in ji tausayi, wallahi murna na yi. Na ce a raina ga turmin amaren Kano na shekara da shekaru a tsaye yana jira na. Malamin dajin lokacin ko saukowa daga kekensa bai yi ba. Ya ce, "Sun mutu?" Muka ce sun mutu. Ya buga mana hatimi a takarda ya juya.

A bakin kwarin akwai rugar wani Bafulatani mai suna Buba, farin ya cinye masa shanu sai 'yan kaɗan. Ya same ni ina wasa gatari a kan dutse, ya yi sallama ya tsuguna. Ya ce, "Malam, waɗannan fa ba su mutu ba, barci suke."

Na yi dariya na ce, "Buba, ka taɓa ganin barcin da ya wuce damina?"

Sai ya tashi. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya je gindin wata, can ƙasa daf da saiwa, ya kankare ɓawon kaɗan ya ce in duba. Na ga kore-kore a ƙarƙashi, da ɗan danshi. Ya ce bishiyar ta saki samanta ne don ta ceci gindinta, yadda shi ma ya sayar da bijimai don ya tsira da karsana. Ya ce in ƙara musu damina biyu in gani.

Ka san abin da na ce masa? Na ce, "Kai da sanin nono, mu da sanin ice." Ni ɗan birni, jikan masassaƙa, wai mai kiwon shanu ne zai koya mini ice. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce Allah Ya ba da sa'a. Sai dai ya ɗauki igiyar maraƙi ya ɗaura wa guda uku da ke kusa da rugarsa, ya ce waɗannan a bar masa, nan yake ɗaure dabbobi. Muka bar masa muna ganin mun yi masa alfarma.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarka. Na sani tun a sara na uku. Busasshen ice in gatari ya same shi ƙara yake yi, har ka ji ta a haƙoranka. Ɗanye kuwa haɗiye bakin gatarin yake, ba ƙara, sai ka fizgo da ƙarfi. Ta farko da na sara ta haɗiye gatarina. Na dubi Tanko, Tanko ya dube ni, kowa ya kawar da kai. Mun riga mun yi magana da mai mota, mun riga mun yi wa mutane alkawari, takarda tana aljihu. Muka ci gaba da sara. Ba duka ne masu rai ba, wasu da gaske sun mutu, amma ba mu tsaya tantancewa ba har muka share kwarin.

Bayan shekara biyu na koma wajen neman wani icen. Guda ukun Buba suna nan. Rassan sama sun bushe sun kakkarye, amma daga kafaɗarsu zuwa ƙasa toho ne ya fito cunkus, kore shar, awaki na kwance a ƙarƙashi suna tuƙa. Gefensu fili ne fetal, rana na dukan ƙasa, ruwa har ya fara zaizaye inda muka sare. Buba bai ce mini ai na gaya maka ba. Nono ya kawo mini a ƙwarya. Da zagi na ya yi da ya fi mini sauƙi. Na sha nonon nan kunya na cin raina, na kasa haɗa ido da shi.

Saboda haka, Abba, rashin ganye ba shaidar mutuwa ba ne. Kada ka tsaya daga nesa ka ɗaga kai ka yanke hukunci, kada ka yi aikinka daga kan babur. Ka sauka ka tsuguna. Ka kankare ɓawo a gindi, ba a reshe ba, don reshe ne ke fara mutuwa, gindi ne ke yin ƙarshe. Kankarar kaɗan, faɗin farce, kuma ka duba gefe biyu, musamman gefen da rana ba ta duka. Ka share ciyawa ka nemi toho a kan saiwa. Ka ƙwanƙwasa da ƙeyar gatari ka saurara, ai kunnen masassaƙa gare ka ko da ba ka gaji gizagon ba. In duk ka yi wannan zuciyarka ba ta natsu ba, ka rufe gwangwaninka ka wuce. Ni a ganina bishiyar da fari ya tuɓe sai ta ga damina uku kafin a kira ta gawa. Matacciya ba ta gudu, in ka dawo baɗi za ka same ta inda ka bar ta.

Da a nan ɓarnata ta tsaya da da sauƙi. Kafin mu bar kwarin, a waccan tafiya ta farko, muka bi kututturan muka tone muka ƙona gawayi, don ka san maƙera ba abin da suke so irin gawayin ƙirya. A lokacin gani nake na yi dabara, ban bar komai ya tafi a banza ba. Wasu 'yan kututture da suka maƙale tsakanin duwatsu ne kaɗai muka ƙyale, tono ya gagare mu. Da na koma, su ne na tarar sun fitar da 'ya'ya har ƙirjina. Ashe ko bayan gatari bishiyar ba ta sallama ba, saiwarta na can ƙasa da ranta, ta san inda ruwa yake tun kafin a haife ni. Mu ne muka bi ta da wuta. Duwatsu ne kawai suka hana mu ƙarasa sauran, ba hankali ba.

Na san za a aiko maka da 'yan dashe a baƙar leda, darbejiya da turare, a ce ka jera su a layi don manya su zo su gani. Ka dasa, ban hana ka ba. Amma kada ka raina kututture. Ɗan dashe sai ya fara neman ruwa daga farko, shi kuwa kututture ya riga ya samu. In ka ga ya tofo, ka zaɓi 'ya'ya biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka rage sauran, ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ka hana wutar daji zuwa kusa. Ka roƙi manoman gefen gandu su yi haka a gonakinsu. In sun ce ai su ma sun sani, ka ce musu haka ne, ka zauna su ƙara maka.

Akwai kuma kuskuren da na yi don gudun kuskure, shi ya fi ba ni haushi. A tafiyata ta biyu, kunya ta sa na rantse ba zan sake taɓa bishiyar da ba ganye ba. Sai na ga wani maɗaci a bakin rafi, lif da ganye, an ce shi ya fara tofowa da ruwa ya dawo. Na ce wannan kam ƙaƙƙarfa ne, ba abin da zai ji. Na nemi izini na hau na sauke masa manyan rassa biyu don akushi da kujera. Da shekara ta zagayo aka ce mini ya bushe ƙamas. Ganyen nan da na gani, ashe da ɗan abin da ya rage a cikinsa ya yi shi. Kamar mutumin da ya tashi daga doguwar jinya ne, ya sa riga ya fito ƙofar gida, ka ga ya yi fes, sai ka ɗora masa buhu. To ka kula da korayen ma. Shekara biyu ko uku bayan fari, kada ka yarda a sassabe su, kada a ɓare musu ɓawo don magani, ko makiyaya za su yanka wa shanu ganye su yi kaɗan-kaɗan, yau wannan gobe waccan. Ka yi musu bayani da girmamawa, za ka ga sun fi ka son bishiyar ta rayu.

Ku a makaranta kun ba abin suna, sauyin yanayi. Mu ba mu san sunansa ba, amma mun gan shi da idonmu. Kakanka yakan hau kan Goron Dutse ya dubi gabas ya ce nan da kwana kaza a fitar da iri, kuma haka za a yi. Yau wa zai iya? Ruwa ya yi latti, in ya zo ya zubo na wata guda a yini ɗaya, kududdufai su cika su shiga gidaje, katangar ƙasa ta zube, sannan ya ɗauke tun gero bai yi ido ba. Fari kuma da sai mutum ya yi furfura ya ga ɗaya, yanzu ni kaɗai na ga uku. Bishiya ba ta gama warkewa daga wannan ba wani ya same ta. Shi ya sa ƙa'idar kakanka ta daina aiki. Ba ƙarya ya yi ba, Allah Ya jiƙansa, zamaninsa ya auna. Ni ma ukun nan da na ce maka, zamanina na auna. In ka ga a naka zamanin sai huɗu, ka ajiye maganata ka bi idonka, ba zan ce ka raina ni ba.

Kada ka ɗauka tsoro nake ba ka. Ni ba na jin tsoro a kan dajin nan ko kaɗan. Na ga abin da guda uku suka yi da igiyar maraƙi kawai, na ga abin da kututture ya yi tsakanin duwatsu ba mai ba shi ruwa. Daji ya iya tashi da kansa, ya sha yi tun kafin a gina ganuwar Kano. Abin da yake nema a wurinka ɗan lokaci ne, da mutum ɗaya da zai tsaya a gabansa. Kai kuma na san taurin kanka, ni na yi fama da shi tun kana rarrafe, yanzu ga inda zai yi amfani.

Sai dai ka shirya, don zamani ya juya. Sojoji sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki, mun gode wa Allah, ni ma na bi layi a rana na dangwala. Amma da tsawa ake yi wa ma'aikaci, yanzu roƙo za a yi maka, kuma roƙo ya fi tsawa wuyar turewa. Kowa ya zama ɗan uwan kansila, kowa ya yi wa ciyaman wahala a zaɓe. Za a zo maka da 'yar takarda, za a zo maka da sunan ubanka. Kada ka ɗaga wa kowa murya, kada ka ce da dattijo doka ta hana ka juya masa baya. Ka shimfiɗa masa tabarma, ka ba shi ruwa, ka ce ranka ya daɗe mu je mu gani tare. Ka kai shi gindin bishiyar, ka miƙa masa wuƙa ya kankare da hannunsa. In ya ga kore ya ce duk da haka a sare, to ka san da wanda kake magana. Wadda ta mutu da gaske kuma kada ka riƙe ta don nuna iko, ka ba masu sana'a haƙƙinsu, su ma iyali gare su.

In kuma kai ne ka yi kuskure, don za ka yi, ka faɗa da wuri. Buba daga baya ya dawo birni da iyalinsa, ya zauna a Gwammaja yana 'yar sana'ar dabbobi. Shekara da shekaru muna haɗuwa a masallacin Juma'a, mu gaisa, mu tambayi iyali. Kullum in ce yau zan ce masa Buba kai ne da gaskiya, kullum girman kai ya riƙe mini harshe. Da ni aka ɗauki makararsa. Wannan abu yana damuna har yau, kuma ba shi da gyara.

To, ga roƙona. Gobe in Allah Ya kai mu zan taka har gidan Tanko in gaya masa abin da na rubuta, ba zan bari ya ji a bakin wani ba. Zan tuna masa sara na uku, don shi ma ya ji abin da na ji a ranar. Zai yi fushi, wataƙila ya daina zama a rumfata, wataƙila a ce Malam Idi ya samu ɗa a gwamnati ya manta da 'yan uwa. Zan ji zafin wannan, abota ce ta tun ƙuruciya, amma zan iya ɗauka. Ni kuma na yanke shawara, zan koma sassaƙa ƙotar fartanya da muciya da icen darbejiya har daminonin nan su cika. Na san za a yi dariya, wai mai turmin amare ya koma ƙota. Na kuma san shekaruna, na san yadda kafaɗar nan take kwana. Mai yiwuwa kafin ƙiryar da ta halatta ta iso Kano hannuna ya daina ɗaga gizago, ya zamana na riga na sassaƙa turmina na ƙarshe ban sani ba. Na auna wannan, na yarda. Na sare rabona tun kana goye, har da rabon wasu.

Amma ɗan Adam ne ni, Abba, kuma yau da ƙarfin zuciya nake rubutu. Wata rana rumfa za ta yi mini shiru, wata uwar amarya za ta zo ta ce ita dai sai turmin Malam Idi, in ji raina ya karaya. In ka ɗaga kai ka gan ni a ƙofar ofishinka da hulata a hannu, ina ce maka guda ɗaya tak, kada ka ji nauyina. Ka shimfiɗa mini tabarma, ka ba ni ruwa, ka kai ni gindin bishiyar ka miƙa mini wuƙa. In kore ne ka hana ni. Ran nan zan dawo gida hannu rabbana, in gaya wa mahaifiyarka ɗanmu ya haifu.

Allah Ya tsare ka daga sharrin daji da sharrin mutum, Ya kare ƙafarka daga maciji, Ya kare hannunka daga abin da ba naka ba. Ya ba ka abokan zama na gari, Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da kai lafiya. Ka riƙe salla a kan lokaci. Mahaifiyarka tana sa maka albarka, ni ma na sa maka.

Mahaifinka,
Idi Masassaƙi, Goron Dutse.